Marmaron da Ya Wayi Gari Kore

Matan da suka yi sammakon ɗibar ruwa su suka fara gani. Marmaron da ke gindin farin dutse, wanda ruwansa ke garau tun kaka da kakanni, ya wayi gari kore shar, wani irin kore mai ƙyalli da ba a taɓa ganin irinsa a jikin ganye ba. Suka watsar da bokitai suka yi cikin gari suna salati. Kafin hantsi duk mai ƙafa ya hallara, ana kallon ruwan, ana kuma satar kallon juna.

Babu wanda bai san ma'anar koren nan ba. Hukuma na faɗaɗa gandun daji na ƙasa don ya haɗa da kogin da ke bayan gari, shi kuwa kogin nan ba ya tafiya irin ta 'yan'uwansa. Yana cikin gudu sai ya faɗa wani ƙaton rami a cikin dutsen farar ƙasa ya ɓace, ya bi ta ƙarƙashi, ya riƙa ɓullowa nan da can. Masu gandu suka ce duk inda ruwan ya bi ta ƙasa, saman ma dole a kare shi. Don su gane hanyarsa sai suka zuba rini a ramin, suka ce duk idon ruwan da ya fito da kore, filin da ke kewaye da shi ya shiga gandu. Wasu idanun ruwa na gabas suka yi kore, masu su suka yi kukansu suka haƙura. Wannan marmaron kuwa aka yi ta jira, shiru.

Sai jiya, gari duk ya tattaru a makaranta ana taron shata iyaka, aka shiga siton gandu aka ɗauke garwar rinin da ta rage, aka kuma tsinci maigadi da fasasshen kai.

Mai Sawu na tsaye a gefe, hannuwa a baya. Shi ne mai bin sawu na gandun, shi ke gano inda mafarauta suka bi da inda dabba ta maƙale. Mutanen gari na ganinsa ɗan leƙen asirin hukuma, ma'aikatan gandu kuma na ganinsa ɗan gari, saboda haka ko'ina ya zauna sai an rage murya. Yau abin ya zo har cikin gidansu, domin marmaron da farin dutsen duk na Yayarsa ne, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ɗanta, Direba, ya riga ya gama magana da wani kamfanin fasa dutse, fitar iyaka kawai ake jira.

"Kawu, ka gani ko?" in ji Direba, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ka ga abin da aka yi mana? An zuba mana rini don gandu ya cinye dutsenmu! Wallahi wanda ya yi wannan sai ya ruɓe a gidan yari, ko da uban wa yake yawo."

"Wa kake zargi?"

"Sai ka tambaya? Wa ya miƙe a tsakiyar taro jiya ya ce gara gwamnati ta cinye dutsen da a tashe shi da nakiya? Wa ya fice tun ba a tashi ba? Ga sawun jakinsa nan, ko makaho ya laluba zai ji."

Mai Farar Ƙasa yake nufi, mutumin da ke ɓantarar dutsen kaɗan-kaɗan yana gasawa, yana sayar wa masu shafen ɗaki. Idan kamfani ya zo, sana'arsa ta mutu, kuma bai taɓa ɓoye baƙin cikinsa ba, don shi bakinsa ba shi da murfi. Kafin a ce mene ne wannan Sajan 'yan sanda ya tasa ƙeyarsa zuwa caji ofis, ya ce gobe motar birni za ta zo ta tafi da shi.

Mai Sawu ya dubi sawun jakin. Yana nan kuwa ɓaro-ɓaro. Abin da bai kwanta masa a rai ba shi ne yadda komai ya zo da sauƙi haka.

* * *

Ya tarar da maigadi kwance a kan benci a ƙofar sito, kansa ya sha bandeji har ya ninka girmansa, masu jaje sun kewaye shi yana ba da labari. Da safe waɗanda suka far masa su biyu ne. Yanzu sun zama uku, Mai Sawu kuwa ya tabbata idan aka kai yamma sai sun ƙara haihuwa.

"Sannu, Baba Maigadi. Ta gaba suka zo maka ko ta baya?"

"Ta ko'ina! Ƙarti ne majiya ƙarfi. Ɗaya fari fat da ƙura, ka san dai wanda nake nufi."

"Ka ga fuskarsa?"

"Yo mutum ana dukansa yana duba fuska? Direba ne ma ya tuna mini."

Mai Sawu ya je ya taɓa kwaɗon ƙofar. Lafiyarsa lau, ba a ko ƙwarzane shi ba. Makulli kuwa yana ƙarƙashin dutsen nan na gefen ƙofa, maɓoyar da har kajin gari sun santa. Ya dawo ya zauna kusa da ƙafafun maigadi kamar mai ci gaba da jaje. Gwiwoyin wandon mutumin sun yi dumu-dumu da busasshiyar gansakuka, hannun rigarsa kuma yana tashin ƙarnin kifi. Tsakanin sito da kogi akwai tafiya, kuma kamun kifi a cikin gandu laifi ne da ke raba mutum da aikinsa.

"Kafin su zo, wa ka ga ya wuce ta nan?"

"Ba kowa. Gari duk yana wurin taro."

Mai Sawu ya yi masa Allah ya sawwaƙe ya tashi. Ya san an yi masa ƙarya, sai dai ƙaryar maigadi ba ta faɗa masa wanda ya ɗauki garwa ba.

* * *

Mai Farar Ƙasa na zaune a ƙasa a bayan kanta, fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa. Da ya ga Mai Sawu sai ya kau da kai.

"An turo ka ka ƙarasa ni ne? Ɗan yayarka ya ɗaure, kai kuma ka zo ka ja igiyar."

"Ka je marmaro jiya?"

"Na je! Da jakina, da jarkokina, kamar kullum. Da me kake so in jiƙa farar ƙasa, da yawu? Ruwan nan garau na ɗebo shi, ka je gida ka duba."

"Me ya fitar da kai daga taro?"

"Zuciya. Da na ƙara zama, da na mari wani." Muryarsa ta sauka. "Matata tsohon ciki gare ta, yau ko gobe. Babu kowa a gidan sai ƙananan yara. Idan aka kai ni birni wa ya san ranar dawowata?"

Mai Sawu ya dubi hannuwan mutumin. Duk sun tsattsage saboda cin farar ƙasa, irin hannun da idan rini ya shiga sai ya yi wata bai fita ba. Babu ko ɗigon kore.

"Wa ka gani a hanya, ko a bakin ruwan?"

"Ba kowa."

"Ba kowa ko kaɗan?"

"Na ce maka ba kowa. Sai dai Yayarka tana zaune a kan dutse tana hutawa. Na gaishe ta ma ba ta amsa ba, na ce to, gabar ɗanta ce ta shafe ni."

Da ya fito, Saja ya tare shi a ƙofa yana sakace. Ba mugun mutum ba ne Saja, amma ba ya son maganar da ta riga ta kwanta a tashe ta.

"Ina da mai shaida, ina da sawun jaki, ina da furucin bakinsa a gaban jama'a. Idan ka ce ba shi ba ne, ka kawo mini wanda ya yi. Ni ba na sakin tsuntsu saboda kyan kukansa."

* * *

A kasuwa kuma wata maganar ce ke yawo. Wai masu gandun ne da kansu suka zuba, don sun daɗe suna haɗiyar yawu a kan farin dutse. Mai Sawu bai raina zancen ba, ya ɗauke shi ya kai wa mai shi.

Malamar Ruwa, wadda hukuma ta turo ta gano hanyar kogin, tana ofis a tsakanin kwalabe da taswirori, idanunta jajur saboda gajiya. Bai yi kwana-kwana ba.

"Malama, mutane na cewa ku ne."

"Kai ma haka kake cewa?"

"Ni tambaya nake yi."

Ta jawo wata 'yar kwalba ta zazzaga masa abin da ke ciki a tafin hannu. Gari ne ja-ja, sak jar ƙasar hanya.

"Wannan ne rinin," in ji ta.

"Ai ja ne."

Ta lakaci ɗan kaɗan da bakin cokali ta jefa a kofin ruwa. Nan take kofin ya koma kore shar.

"Sai ya taɓa ruwa yake nuna kansa. Da ni ce mai son yin maguɗi, cokali ɗaya zan zuba, ya fito da ɗan kore-kore kamar wanda ya sha doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya yi wannan juye garwar ya yi ɗungurungum, bai san aikin ba. Kuma wahalar banza ya yi, don ba zan rubuta abin da na san ba gaskiya ba ne. Dutsen yana nan bai shiga gandu ba."

Mai Sawu yana ta juya garin a tafinsa. Gumi ya fara taɓa shi, layukan hannunsa suka soma komawa kore.

"Murfin garwar yana rufuwa da kyau?"

"Ina fa! Tun da aka buɗe ta yake rawa. Na yi magana har na gaji."

"Ki ara mini butar ban ruwan da kuke shayar da dashe."

* * *

Masu jajen maigadi sun tattake ƙofar sito, ko sawun giwa ne ba zai tsira a wurin ba. Mai Sawu ya cika buta ya koma bayan sito, ya fara yayyafi a kan jar ƙasa, a hankali, kamar mai shayar da yabanya. Wasu da ke wucewa suka tsaya suna dariya, wai gandu ya zautar da shi har ya koma noma a kan hanya.

Ya yayyafa gabas, babu komai. Ya yayyafa kudu. Sai ga wani ɗigo ya buɗe ido a cikin ƙasa, kore shar. Gaba kaɗan ga wani.

Ɗigon bai bi hanyar jakuna ba. Ya bi wata 'yar siririyar hanya ta masu itace wadda ta hau kan farin dutse, inda ƙafa ba ta barin alama ko kaɗan. A nan ne ɓarawon ya ɗauka ya tsira, a nan ne kuma koren ya fi fitowa, don a kan fari yake. Mai Sawu ya yi ta sauka yana cika buta yana dawowa, rana na dukansa.

Abu na farko da ya lura da shi, garin bai zuba a gefen hanya ba, yadda zai zuba idan a hannu aka rataya garwa. A tsakiya yake, a warwatse, kamar abin da ya faɗo daga sama. A ka aka ɗauke ta.

Abu na biyu ya same shi a kan wani dutse mai tsayin ƙugu. Da ya zuba ruwa sai ga shatin gindin garwa ya fito. An sauke kaya a nan an huta. Gaba kaɗan ga wani shatin, shi ma a kan dutse mai tsayin ƙugu. Ko sau ɗaya ba a ajiye ta a ƙasa ba. Ƙato ba ya zaɓen wurin sauke 'yar garwa irin wannan. Mai zaɓe shi ne wanda ya san idan kaya suka kai ƙasa ba zai iya mayar da su kansa ba sai da mataimaki. Kuma da hawan ya yi tsanani sai wuraren hutun suka riƙa matsowa kusa da juna, har ya zama daga wannan dutse sai na gabansa.

Mai Sawu ya ajiye buta. Ya zauna a kan dutse na ƙarshe, wanda ke kallon marmaro, dutsen da Mai Farar Ƙasa ya ce ya ga mutum a kai amma bai lissafa shi cikin mutane ba. A bayansa, cikin wani tsagi, garwar na nan kife.

Daga nan ana hango ramin da kogi ke faɗawa, can nesa. Mai Sawu ba ya son kallon wurin. Shekarun baya, cikin wata damina, 'yar Yaya tilo mace ta je wanke-wanke a bakin kogi, ambaliya ta zo babu sallama. Shi ya bi sawun yarinyar har bakin ramin, nan sawu ya ƙare, ba a kuma sake ganin ko ɗankwalinta ba. Ya kau da kai, ya ɗauki garwar, ya ji ta fi masa nauyi yanzu da babu komai a cikinta.

* * *

Yaya na zaune a inuwar ɗakinta tana tsince wake a faranti, ƙafarta mai ciwo a miƙe. Ta ɗaure kai tam har kan kunnuwa, cikin wannan zafi.

"Auta, kai ne da rana tsaka? Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Yaya."

"Ƙarya kake. Tun kana wannan tsayin idan ka yi ƙarya sai ka kalli ƙasa."

Gaskiyarta, ƙasa yake kallo, amma aikinsa yake yi. Ƙusar da take rataya gammonta babu komai a kai. Rariyar makewayi a bushe take ƙamas, ga Yaya kuwa mace ce da ko ba ta da lafiya ba ta fashin wanka. Ya gane dalili. Idan ta zuba ruwa a kanta, rariya za ta kai labari har bakin titi.

"Ba ki je taro ba jiya."

"Da wace ƙafar?"

"Gobe za a tafi da Mai Farar Ƙasa birni."

Hannunta ya tsaya a cikin wake, sannan ya ci gaba.

"Allah ya fid da shi."

"Matarsa na gab da haihuwa."

"Na ce Allah ya fid da shi, Auta."

Ta sunkuya za ta ɗauki ƙwayar da ta faɗi. A bayan wuyanta, inda gumi ya biyo daga ƙarƙashin ɗankwali, wani siririn layi ya sauko, kore. Mai Sawu ya bi layin da ido. Wannan bayan ne ya goya shi, ya san shi tun kafin ya san fuskar kowa. Abin da ya kasa ganewa shi ne dalili. Me zai sa uwa ta kashe wa ɗanta ciniki, ta miƙa wa hukuma filin da mijinta ya bar mata?

Ya so ya je ya jefa garwar a rami ya ce sawu ya ɓace, babu kuma wanda zai ƙaryata shi. Sai ya tuna da mutumin da ke zaune a bayan kanta.

"Da yamma za a taru a ofishin gandu," ya ce. "Idan ƙafar za ta iya."

Ba ta ɗago ba.

* * *

Saja ya zo da Mai Farar Ƙasa. Aka kawo maigadi a rirriƙe, yana nishi fiye da yadda ciwon ya kai. Direba ya zo da mutanensa, Malamar Ruwa ta tsaya jikin ƙofa, 'yan kallo suka cika haraba. Ana gab da farawa sai ga Yaya tana dogara sanda. Aka ba ta kujera a ƙarshen baranda, ba wanda ya ƙara bi ta kanta.

Mai Sawu ya ajiye garwar a tsakiya, ya ajiye buta kusa da ita.

"Baba Maigadi, kifi nawa ƙugiyarka ta kama jiya?"

Maigadi ya daina nishi.

"Ka ga gari ya tafi taro, ka ce bari ka leƙa kogi. Santsi ya kwashe ka, dutse ya fasa maka kai. Ka dawo ka tarar da sito a buɗe, ka ga aikinka zai tafi, sai ka haifi ƙarti. Ko in kai Saja ya ga jininka a bakin ruwa?"

"Ni dai… ni dai faɗuwa na yi," in ji maigadi. Haraba ta kaure da surutu, Saja ya daka tsawa aka yi tsit.

"Babu duka ke nan," in ji Saja. "Saura sata."

Mai Sawu ya yi bayanin garin rini, yadda yake ɓoyewa a bushe, ya fito idan ya jiƙa. Ya ce murfin garwar na rawa, don haka duk wanda ya ɗauke ta yana ɗauke da shaida a jikinsa. Ya ɗaga buta ya yayyafa wa Mai Farar Ƙasa tun daga ka har kafaɗu. Ruwa ya gangaro fari kamar madara. Ya yayyafa wa maigadi, babu komai. Malamar Ruwa ta miƙo mayafinta da kanta. Direba ya tuɓe hula ya sunkuyar da kai yana huci, shi ma ruwa ya sauko garau.

"To, Kawu, ka jiƙa mu a banza," in ji Direba yana sharce fuska. "Saura wa? Ko Inna za ka yayyafa wa?"

Aka bushe da dariya. Mai Sawu bai yi ba. Dariyar ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan, har ya zama ana jin ɗigar ruwa daga bakin buta.

Ya taka har ƙarshen baranda, ya durƙusa a gabanta yadda ya saba gaishe ta.

"Yaya, ki yafe mini. Ki cire ɗankwalinki."

"Kawu!" Direba ya zabura. "Ka yi hauka ne?"

Yaya ta dubi ƙanenta. Sannan ta kai hannu ta kwance ɗaurin, ta ajiye ɗankwalin a cinya. Ta karɓi butar daga hannunsa ta ɗaga bisa kanta da kanta. Ruwa ya ratsa furfurarta ya gangaro ta goshi, ta kumatu, ya ɗiga a kan zaninta, kore shar.

Direba ya nemi wuri ya zauna a ƙasa.

"Inna, don me?"

"Na ce maka kada ka sayar, ka ce tsufa ne ke damuna. Ka ce dutse ne kawai." Muryarta ba ta rawa. "Ƙanwarka na cikin dutsen nan. Bayan ambaliya ta janye, na je ɗibar ruwa a marmaro, sai ga ƙwaryar da ta tafi wanke-wanke da ita tana yawo a kan ruwa. Ni na ɗinke tsaguwarta da hannuna, ba zan kasa gane ta ba. Tana ƙarƙashin gadona har yau. Inda ƙwarya ta bi, nan yarinyata ta bi, ita ce dai ba ta samu hanyar fita ba. Sai in zauna ina ji a sa mata nakiya?"

Malamar Ruwa ta bar jikin ƙofa ta matso kusa da ita.

"Mama, me ya hana ki faɗa mini?" in ji Malamar Ruwa a hankali.

"Ke da kwalabenki, wa zai saurari tsohuwa da ƙwarya? Na jira korenku ya fito bai fito ba. Ni kuwa na san kogin na bi ta nan. Ban yi ƙarya ba, taimaka masa na yi."

"Wataƙila sai da ambaliya hanyar ke buɗewa," in ji Malama. "Zan roƙi a dakata har damina a sake gwadawa. Ban yi miki alkawarin za su yarda ba."

Yaya ta juya wajen Mai Farar Ƙasa. "Kai kuwa na zalunce ka. Na so in yi shiru har iyaka ta fita, in ya so in je in faɗa. Ka tafi wajen matarka."

Mai Farar Ƙasa ya juya ya dubi Saja. Saja ya sosa ƙeya, ya ce masa ya tafi. Sannan ya ce, cikin muryar da ba a san shi da ita ba, dole Mama ta biyo shi ofis ta ba da bayani, tunda kayan hukuma ne.

Ta mayar da ɗankwalinta a kan jiƙaƙƙen gashi, ta laluba sandarta. Matakalar barandar na da tsayi. Mai Sawu ya miƙa mata hannu.

Ba ta kama ba. Ta dube shi, koren na bushewa a kumatunta.

"Ka iya aikinka, Auta. A kan dutse ma ka bi sawuna har ka same ni." Ta gyara riƙon sanda. "Ita yarinyata me ya hana ka samo mini ita?"

Ta sauka matakalar ita kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana tsaye da hannu a miƙe.